Wanda ya ƙarasa ginin mamaci ba ɓarawo ba ne

A fitowar da ta wuce ta wannan ɗan littafin namu, wani ɗan'uwa ya cika shafi uku yana caccakar marubutan da ke ƙarasa littafin wanda ya mutu. Ya ce sun yi kama da mai saka rigar mamaci ya shiga kasuwa yana amsa gaisuwar da ba tasa ba. Maganar ta yi daɗi a kunne, har a fada aka tafa masa. Ni ban tafa ba. Na yi shiru ranar don shi ne mai dafa shayin, kuma ban sha na biyu ba tukuna, amma na ce a raina zan ba shi amsa a takarda, inda ba mai katse ni. To ɗan'uwa, ga amsarka. Sunan da ka ja ka yi ta duka shi ne Brandon Sanderson, saboda haka a kansa za mu tsaya.

Ba kowa ne a cikinmu ya san labarin ba, bari in ɗan warware. Robert Jordan Ba'amurke ne, mutumin Charleston, sunansa na yanka James Oliver Rigney. A 1990 ya fitar da The Eye of the World, littafin farko na jerin almarar da ake kira The Wheel of Time, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da La Roue du temps. Labarin wani saurayi ne makiyayin tumaki, Rand al'Thor, da aka wayi gari aka ce masa shi ne wanda tsofaffin hasashe suka yi maganarsa, shi zai fuskanci Mai Duhu a yaƙin ƙarshe, kuma ƙarfin da zai yi yaƙin da shi yana haukata duk namijin da ya taɓa shi. Tun littafi na ɗaya aka yi wa mai karatu alkawarin wannan yaƙin ƙarshe. Aka yi ta tafiya, na biyu, na biyar, na tara, har na goma sha ɗaya, Knife of Dreams, a 2005. Jordan ya ce saura ɗaya, kuma ɗaya zai zama ko da zai kai shafi 2000. A 2006 ya sanar cewa yana fama da wata cuta mai wuyar magani da ake kira amiloyidosis, wadda ta kama masa zuciya. Ranar 16 ga Satumba 2007 ya mutu yana da shekara 58.

Abin da ya yi a watannin ƙarshe shi ne ka tsallake a rubutunka, ɗan'uwa, kuma a nan duk gardamar take. Mutumin nan ya san zai tafi. Ya zauna ya rubuta wasu babi, har da rufewar labarin gaba ɗaya. Inda ƙarfin rubutu ya gaza ya faɗi da baki aka ɗauki murya. Ya tara iyalinsa ya ba su labarin yadda abin zai ƙare. Ya bar tarin takardun bayani a hannun matarsa Harriet McDougal, wadda ita ce editarsa tun farko, da mataimakansa biyu da suka yi shekaru suna riƙe da waɗannan takardu. Mutumin da ke son a rufe littafinsa tare da shi ba ya yin haka. Ita Harriet ce ta karanta ta'aziyyar da Sanderson ya rubuta a intanet, ta nemi littafinsa Mistborn ta karanta, sannan ta kira shi. A Disamba 2007 aka sanar. Yaro ne a lokacin idan aka gwada da Jordan, haihuwar 1975, kuma tun yana ɗan makaranta yake karanta littattafan nan. Bai je ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan makoki yana neman aiki ba. Kiransa aka yi.

Yanzu ka gaya mini, ina satar take? A Hausar da na sani, sata ita ce ka ɗauki kayan mutum ba da izininsa ba. Mai kaya ya tattara kayansa ya ce a ƙarasa, magajiyarsa ta zaɓi mai ƙarasawa, an buga sunan mai kaya da manyan haruffa a sama, na mai ƙarasawa a ƙasa. In wannan sata ce, to magini da ya ɗora rufi a kan ɗakin da marigayi ya bari a rabi, bisa roƙon matarsa, shi ma a kai shi gaban alƙali.

Akwai kuma wasu mutane da ba ka ambata ba ko sau ɗaya a shafukanka uku: masu karatu. Daga 1990 zuwa 2007 shekara 17 ne. Wanda ya fara karantawa yana lise ya yi aure, ya haihu, wani ma ɗansa ya isa karanta littafin. Sun sayi littafi goma sha ɗaya, kowane ɗaya kamar bulo, a kan alkawari guda, cewa za a kai su yaƙin ƙarshe. Alkawari kaya ne, haka muka taso muna ji. Kuma mu nan, in mutum ya rasu, tun kafin a watse daga wurin jana'iza ake tashi a ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya faɗa. Magada su biya kafin su raba gado. Ba wanda ke cewa ai hannun marigayi ne ya karɓi kuɗin, don haka hannunsa kaɗai zai mayar. Ni haka nake ganin abin da Harriet ta yi. Mijinta ya tafi da bashin ƙarshen labari a wuyansa, ya kuma bar abin biya, ta nemi wanda zai miƙa.

Duk wanda kakarsa ta taɓa yin barci a tsakiyar tatsuniya, gizo yana cikin rami ba a kai ƙurunƙus ba, ya san irin wannan ciwon. Bambancin kawai, kaka tana tashi da safe.

Zan ba ka gaskiyarka inda kake da ita, don ban zo yin talla ba. Ka ce murya ba ta gaduwa. Haka ne. Na karanta duka goma sha huɗun, wasu da Faransanci, na ƙarshen da Ingilishi ina ɗingishi da ƙamus, kuma wallahi ana jin inda hannu ya canza. Jordan mutum ne mai son tsayawa. Zai ba ka shafi guda a kan ɗinkin rigar wata mata, da launin zaren, da yadda Nynaeve ta ja kitsonta don haushi, karo na ɗari ke nan. Sanderson gudu yake, jimlarsa gajera ce, kalmominsa na yau ne, wani lokaci sai ka ji mutumin wancan zamanin ya yi magana kamar ɗan jami'ar Amurka. Mat Cauthon, wanda yawancinmu muka fi so, ɗan caca mai ƙorafin tsiya da ke rantsuwa shi ba jarumi ba ne yana kuma shiga wuta don ceton mutane, a The Gathering Storm ya koma wani mai barkwancin dole. Dariyar Mat a hannun Jordan tana fitowa ne don shi Mat bai san abin dariya yake yi ba. A hannun Sanderson sai ya zama kamar ya sani, yana jiran a tafa. Wannan kuskure ne babba, masu karatu sun yi kuka, shi ma Sanderson ya amsa cewa bai kama Mat daidai ba a wannan littafin. Ya kuma ɗauki wani ƙaramin mutum mai suna Androl, wanda Jordan ya ambata a gefe, ya buɗe masa fili har na ji ya yi yawa.

Amma tsaya. Kai da ke kuka a kan muryar Jordan kamar wahayi, ka karanta littafi na goma, Crossroads of Twilight? Ɗaruruwan shafuka, kuma kusan ba abin da ya motsa daga wurinsa. Ni sau biyu ina ajiye shi, sai da hutu ya zo na rasa abin yi sannan na gama. Da hannun mai shi aka rubuta wannan. Kuma babin da Rand ya hau kan dutsen Dragonmount yana shirin ƙone duniya don baƙin ciki, babin da ya hana ni barci har kiran assalatu, yana cikin littafin da kake cewa na sata ne. Sanderson da kansa ya bayyana cewa a wannan littafin yawancin ɓangaren Egwene na Jordan ne, yawancin na Rand nasa ne. Ke nan hannun baƙo ya ɓata Mat, hannun baƙon nan dai ya ba mu Rand a kan dutse. In za ka lissafa masa ɗaya, ka lissafa ɗayan.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi ƙoƙarin zama Jordan ba, kuma a gabatarwar littafin ya faɗa a fili cewa ba zai kwaikwayi salon marigayin ba. Ka ga nan misalinka na rigar mamaci ya kife. Mai saka rigar mamaci so yake a ɗauka shi ne marigayin. Wannan kuwa da rigarsa ya fito, ya ce ni wane ne, an aiko ni in isar da saƙo, muryata daban ce, ku yi haƙuri. Da ya zauna ya haddace yadda Jordan ke jera kalma, ya yi ta jan kitson Nynaeve don a ce kai, kamar shi, da nan ne zan bi bayanka in ce an yi mana rufa-ido. Ɗinki in an yi shi a fili, mai saye ya san abin da ya saya.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, ko da yake muna yi kamar daga Amurka ya faɗo. Kowane azumi, a masallatan Zinder da Maraɗi da Tawa, wane littafi ne malamai suka fi buɗewa wurin tafsiri? Jalalaini. Ba ina gwada tafsiri da almara ba ne, Allah ya kiyaye, maganar yadda aka yi aikin nake. Jalaluddin al-Mahalli ne ya fara, ya yi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya yi Fatiha, sai ajali ya riske shi a 1459. Ɗalibinsa Jalaluddin as-Suyuɗi ya ɗauka daga Baƙara zuwa Isra'i, ya bi tsarin malaminsa, ya cike rabin da ya rage. Fiye da shekara ɗari biyar ke nan, ban ji wanda ya kira Suyuɗi ɓarawo ba. Sunan littafin ma ya faɗi gaskiyar da kansa: Jalalu biyu. An san inda wannan ya tsaya, an san inda wancan ya kama. Kakanninmu sun karɓi irin wannan aiki suna masa addu'a, mu jikoki da muka karanta ɗan ra'ayin nan na Turawa cewa marubuci wani tsuntsu ne shi kaɗai a sama, mu ne muke jin ƙyama.

To amma kar ka ɗauka ina cewa duk wanda ya mutu a buɗe akwatinsa. A'a. Terry Pratchett, Baturen Ingila mai jerin Discworld, ya mutu a 2015, ya bar wasiyya cewa a lalata duk abin da bai gama ba. A 2017 mataimakinsa ya ɗauki ma'ajiyar kwamfutar da rubuce-rubucen ke ciki ya sa tsohuwar motar daddaɓe hanya ta bi ta kai. Na ji zafi da na karanta, ina ta tunanin labaran da suka tafi ke nan, amma daidai aka yi. George R. R. Martin, wanda ya bar mutane suna jiran littafi na shida tun 2011, ya sha faɗin cewa ba ya son wani ya ƙarasa masa. In ya tafi bai canza magana ba, duk wanda ya taɓa, ni zan fara rubuta masa shafi uku irin naka. Za ka ce to ina bashin masu karatu da na gama wa'azi a kansa? Yana nan, amma a wuyan mai shi. In ya zaɓi ya tafi da shi, wannan tsakaninsa ne da waɗanda ya yi wa alkawari, ba ya ba wani izinin fasa ɗakinsa. Jordan ya ce a ƙarasa, Pratchett ya ce a niƙe, kuma matar wannan da mataimakin wancan abu ɗaya suka yi, sun bi maganar mai kaya. Kai kuma so kake ka ƙwace maganar daga bakin Jordan, ka yanke masa hukuncin Pratchett, wai don kana girmama shi.

Ka kuma kawo zancen kuɗi. Ka ce littafi ɗaya aka yi alkawari, sai ga uku: The Gathering Storm a 2009, Towers of Midnight a 2010, A Memory of Light a Janairu 2013. Ba zan rantse maka cewa kamfanin buga littafi ba ya son kuɗi ba, yaushe ɗan kasuwa ya ƙi riba? Amma ka ɗauki ukun ka ɗora a kan juna ka gani ko akwai injin da zai ɗinke su wuri guda. Babin yaƙin ƙarshe kaɗai ya kusa shafi 200. Ni ma'aunin da na yarda da shi shi ne, da aka kai ƙarshe, an tsaya? An tsaya. Jordan ya yi niyyar wasu littattafan a kan Mat bayan yaƙin, da wasu a kan abin da ya faru kafin labarin, amma bai bar isasshen bayani a kansu ba. Kasuwa tana nan, masu saye suna nan da kuɗinsu a hannu. Harriet da Sanderson suka ce a'a. Ban da ƴan guntayen babi da aka cire aka buga daga baya, da littafin bayanin sunaye, ba a ƙara wani labari ba. Ka gwada da Dune. Frank Herbert ya mutu a 1986 ya bar littafi shida. Ɗansa Brian da Kevin J. Anderson suka ce sun samu takardun na bakwai, suka fitar da shi kashi biyu a 2006 da 2007. Da a nan abin ya tsaya ba ni da ta cewa. Amma tun 1999 suke haƙa, labarin kakan wane, labarin gidan wane, har abin da suka rubuta ya ninka na mai shi. Can ne ya kamata ka kai sandarka, ɗan'uwa. Mai ƙarasa gini daban, mai mayar da gidan marigayi wurin haƙar zinariya daban, kai kuwa ka haɗa su ka yi musu bulala ɗaya, kuma wanda ya fi shan dukan shi ne wanda ya san lokacin ajiye cebur.

Masu bin manga a cikinmu sun ga irin wannan kwanan nan. Kentaro Miura mai Berserk ya mutu a Mayu 2021. Abokinsa tun na makaranta, Kouji Mori, wanda Miura ya ba shi labarin har ƙarshe, ya karɓi aikin a 2022 tare da masu zanen da Miura ya horar, ya kuma ce abin da ya tuna Miura ya faɗa masa kaɗai zai sa, ba zai ƙara nasa ba. Ana jin ramuka a ciki, labarin yana tsalle, wani wurin maganar mutane ta yi ƙaranci. Na fi son ramukan nan a kan a cike mini su da ƙarya.

Yanzu bari mu dawo gida, don a nan ne haushina na gaskiya yake. Kana ta kare haƙƙin wani Ba'amurke da matarsa da lauyoyinsa suka riga suka kare, alhali a cikin telefon ɗinmu ana yin ainihin abin da kake zargi kullum. Yarinya za ta fara labari a WhatsApp, ta kai shafi na arba'in, jarrabawa ta zo ko aure ko rashin lafiya, ta yi shiru wata biyu. Sai wani ya ɗauka ya ci gaba, bai tambaye ta ba, ya goge sunanta ko ya bar sunan ya cusa mata maganar da ba ta faɗa ba, har ya sa kuɗin shiga guruf. Tana raye fa, lambarta tana nan. Yanzu kuma ga manhajojin nan masu rubutu da kansu, ka zuba musu babi goma su haifo maka na sha ɗaya da muryar mai shi, sumul, ba ɗinki ko ɗaya da ido zai gani. Wannan ce rigar mamaci ta gaske, kuma har ta mai rai ake sakawa. Ban ga layi ɗaya a kan wannan a rubutunka ba. Kuma tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu duka da ke wannan gardama, ni da kai, a cikin PDF da ba mu biya ko dala ba muka karanta abin da muka karanta na Jordan. Mu rage ɗaga murya a kan sata.

Na ce abin da muka karanta, don na lura da wani abu. A shafi na biyu ka rubuta cewa Sanderson ya ƙirƙiro ƙarshen labarin daga kansa. Rufewar A Memory of Light, shafukan nan na ƙarshe, Jordan ne ya rubuta su kafin ya mutu, kuma su ne abin da Sanderson ya fara karantawa ranar da ya je Charleston karɓar takardun. Duk shekara biyar da ya yi yana aiki, wurin da aka riga aka kafa masa yake nufa. Wanda ya karanta ya san haka, ko ya nemi sani. Ina zargin fim ɗin Amazon ka kalla, wanda aka fara a 2021 aka kuma dakatar bayan zango uku, tun labarin bai kai rabi ba. Shi kam ba wanda aka kira ya ƙarasa shi.

Ni ma ina da nawa a gida, kaye biyu cike da wani labarin aljanun tafki da na fara tun ina ajin ƙarshe na lise, ban kai rabi ba. Bayan na gama A Memory of Light na buɗe bangon na farko na rubuta sunan wadda nake so ta ƙarasa in ta Allah ta kasance, na rubuta mata yadda zai ƙare a layi goma sha biyu, na ce ta sa sunanta a ƙarƙashin nawa, kar kuma ta yi ƙoƙarin yin rubutu irin nawa don ta fi ni iya tsara zance. Ta yi dariya ta ce in daina fatan tsiya in zauna in gama abina.

Littattafan uku suna cikin kart memwar ɗina. Ka zo fada ranar Asabar da telefon mai wuri, in tura maka. Zan zaɓo babi shida in yi fotokopi, dala biyar-biyar shafi, ni zan biya, in cire lambobin babin. Ka karanta a gaban kowa ka ware mana na Jordan da na Sanderson. In ka ci shida cikin shida, ni zan dafa shayi har ƙarshen shekara.